Kunnen Inna na Hagu

Inna ba da kurumta aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya shigo rugarmu ta bayan Basirka, ba da jimawa da samun 'yancin kai ba, ya ɗauki waɗanda zai ɗauka, ita kuma ya bar ta da ranta amma ya tafi da kunnenta na dama ɗungurungum. Na hagu ya ɗan rage. Da shi take jin tsawa, da kukan saniya in tana kusa, da amon muryar mutum ban da kalmomin. Shi ma ɗin kowace damina sai ya yi ta zubar da ruwa mai wari, a narka man shanu a ɗiga mata, a toshe da auduga. Ba wanda ya taɓa kawo zancen asibiti. A wurinmu ciwon da bai kwantar da mutum ba ba a lissafa shi, Inna kuwa tana tatsa, tana daka, tana ɗaukar ƙwaryarta zuwa kasuwa.

Sai ta koma ji da ido. Bakin mutum take kallo, ta tsince maganar tun bai ƙarasa ba. Akwai matan da suka yi shekara da shekaru suna sayen fura a hannunta ba su san da wata matsala ba, sai dai su ce bafillatanar nan akwai kafe mutum da ido. Tana ji da wannan gwanintar tata, kuma in kana son ka ga ɓacin ranta, ka kira ta kurma. Amma jin ido sai da haske, sai da fuska a buɗe, kuma sai fuskar da al'ada ta yarda ta kalla. Waɗanda ba ta yarda ba suna da yawa, tawa ce ta farko.

Ni ce 'yar fari. Ana yaye ni Goggo, yayar Baba, ta saɓe ni sai Birnin Kudu, can na girma. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba har ta koma ga Allah. In na zo hutu, ƙafafuna take kallo, ta juya ga ƙanwata ta ce a ce wa waccan ga tuwo can. In ni ce da magana, sai in faɗa wa ƙanwata, ita kuma ta je ta tsaya a gabanta ta maimaita. Su biyu kuwa, daga wannan gefen tsakar gida zuwa wancan suke gulma da leɓe kawai, ba sauti, sai dai ka ga sun fashe da dariya. Ina jin haushin abin, ba zan ɓoye ba. Allah bai yi ni da haƙuri ba, kuma ban taɓa gane amfanin son da ba a nuna shi ba. Na dai san ana so na, don man shanun da ya fi kyau kullum a cikin kayana nake tarar da shi in na koma.

Na auri malamin asibiti, mai kula da ɗakin shan magani a Gwaram. Malam mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda sai ka matso kafin ka ji me suke cewa. In mun je gaisuwa, daga bakin danga yake tuɓe takalmi ya tsugunna, ita kuma ta ja mayafi ta ba shi baya. Yana gaisarwa tana amsawa, lafiya lau, madalla, da godiya, ba ta taɓa kuskure ba, tunda gaisuwa kowa ya san abin da ke bin wani. In ya ƙara wata magana a kai ta yi shiru, sai ya ce kunya ce. Na sha gaya masa cewa ba ta jinsa ko kaɗan, ya yi murmushi ya ce ai ga shi tana amsa masa daidai. A hanyar komawa yabonta yake yi, wai irin su Inna sun ƙare a duniya. In ta hango shi a hanya, cikin dawa take shigewa har ya wuce.

Lokacin da kuɗin man fetur ya fara zagayawa, babura suka cika hanya, har Malam ma ya sayi nasa, a lokacin ne Inna ta fara tari. Ƙanwata, wadda ke aure a Kangire, ta zo gida goyon ciki, ita ta ga jini a tsumman da Inna ke ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Ta aiko mini. Malam ya ji bayanin ramar da zufar da zazzaɓin yamma, ya ce tarin fuka ne, kuma kada mai ciki ta ƙara kwana a ɗakin. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai a rana ɗaya ya raba Inna da bakin da ta fi iya karantawa. Kafin a tafi da ƙanwata gidan Goggo ta haihu a can, ta zauna a gaban Inna ta lallashe ta, ta ce ta yarda ta je asibiti, za ta warke. Inna ta kalli bakinta ta ce to.

Allurar da ake yi wa masu wannan ciwo akwai ta a Gwaram, a cikin kabad ɗin Malam. Amma wa zai ce wa Inna ta kwance zane surukinta ya yi mata allura? Ba a ma furta ba. Sai muka hau mota, ni da ita, muka wuce Birnin Kudu, zuwa wani asibitin gwamnati mai ɗakin masu tari.

Ranar farko gwanintarta ta cuce ta. Wadda ta karɓe mu wata nas ce yarinya, zaune kusa da taga, fuskarta a buɗe. Duk abin da ta tambaya Inna ta amsa tiryan-tiryan. Na ce wa yarinyar ta lura, wannan matar ba ta ji. Ta dube ni ta dubi Inna, ta yi dariya.

"Kurma? Ai wannan ta fi ki ji."

Inna ta ga kalmar a bakin yarinyar, ta kuma gane daga ina ta fito. Ranar ba ta taɓa abincin da na dafa ba.

A cikin ɗakin masu tari kuwa ba fuskar da ke buɗe. Duk ma'aikacin da zai shiga sai ya ɗaure farin ƙyalle daga hanci zuwa haɓa, don kada ya ɗauki ciwon. Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, sai wani ma'aikaci namiji ya tsaya a ƙarshen gado yana fassara, shi ma da nasa ƙyallen. Kuma da safe in likita zai yi zagaye, mu masu jinya duk waje ake kora mu, mu zauna a gindin darbejiya da kwanukanmu har a gama. Ko da ba ƙyallen ma, Inna ba za ta ɗaga ido ta kalli baƙon namiji ba. Sai ta sunkuyar da kai, ta kasa ɗan kunnen nan na hagu, in ta ji amon ya tsaya ta san an gama tambaya, ta ba da amsar da kowane mai tarbiyya ke ba wanda ya zo duba shi: da sauƙi. Ma'aikatan suna sonta. Sun ce ba ta da ƙorafi, ba ta da surutu, ga ladabi.

Na yi faɗa da maigadi har ya daina amsa gaisuwata. Na tare babbar nas na ce a bar ni in riƙa tsayawa, ta ce doka ce, kuma don lafiyarmu aka yi ta, amma za ta gaya wa likita. Wataƙila ta gaya masa, wataƙila aiki ya sha kanta, ban sani ba. Masu aikin safe daban, na yamma daban, wanda ka yi wa bayani yau gobe ba shi za ka gani ba. Ni kuma a lokacin ɗauka nake tambayar ladabi kawai ake yi a zagayen nan, yaya jiki, yaya kwana. Ban san akwai tambayar da kunnen mutum ya rataya a kanta ba.

Malam ya sani. In ya samu sarari ya zo a babur, ba ya shiga, don kada ta takura. A bayan taga yake tsayawa ya tambaye ni. Wata rana na ce masa na ga Inna tana dafa gadaje in za ta fita, kamar mai koyon tafiya. Ya ce allurar takan sa jiri, wani lokaci takan taɓa kunne, amma kada in damu, kullum ana tambayar majinyaci ko yana jin jiri ko ƙara a kunne, da ya ce e za a tsayar. Na ce wa zai ce e ɗin? Ya ce ai Inna ba yarinya ba ce, in tana jin wani abu za ta faɗa. Na shiga na tambayi matar da ke gadon kusa da nata. Ta ce ƙwarai kuwa, kullum sai an yi wa kowa wannan tambayar, kuma kullum baiwar Allahn nan sai ta ce da sauƙi.

Ina cikin neman wanda zan kama in gaya wa, sai wata mai jinya ta saki tasar ƙarfe a kan siminti, dab da gadon Inna. Duk ɗakin aka zabura, har masu barci. Inna tana zaune tana gyara bakin zanenta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Nan na gane na hagun ma ya tafi. Da yamma kuma ta tashi za ta kewaya, ta faɗi a tsakiyar ɗaki ta fasa goshi.

Washegari ban fita ba. Na riƙe ƙarfen gadon na ce sai dai a ɗauke ni da shi. Likitan ya zo, ya tsaya a bayanta ya tafa hannu da ƙarfi kusa da kunnenta, ba ta motsa ba. Na ga idonsa ya canja a saman ƙyallen. Nan take ya hana allurar, ya sa mai fassara ya tambaye ni me ya sa ba a gaya masa tana da ciwon kunne ba, da tun farko bai ɗora ta a kan wannan ba. Abin da na faɗa a ɗakin nan ba zan maimaita shi ba, mai fassarar ma bai fassara duka ba. Da na yi shiru, likitan ya yi bayani a hankali. Kunnen ba zai dawo ba. Amma tarin ana iya kashe shi da ƙwayoyi, ba sai da allura ba, in za ta sha kullum har fiye da shekara. Ya ce kada sauƙin da ta samu ya ruɗe mu, ciwon yana nan kwance a ƙirji, in ta bari zai tashi, kuma in ya tashi ba lalle a iya kwantar da shi ba.

Inna tana zaune a tsakaninmu, kanta a ƙasa, ba ta san an yi wannan magana ba. Da suka wuce ta juya ga bango, ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba, mai ƙarfi, ba daidai ba, tunda yanzu ko kanta ba ta ji.

"Sun ƙarasa min ɗan sauran. A kira malam ya mai da ni gida."

Baba take nufi. Ya zo ya tafi da ita, ni kuma na biyo su da gwangwanin ƙwayoyi.

A gida ta ƙi sha. In ka bi ta hanyarta, ba za ka ce ta yi wauta ba. Ta shiga asibiti da tari da ɗan kunne, ta fito ba tari ba kunne. Tarin ya tafi, to maganin me za ta sha, kuma wannan karon me zai cire mata, ido? Abin da ake so ta gane ba ya nunuwa da hannu. Baba yana da 'yan alamunsa da suka saba, na ruwa, na salla, na shanu sun dawo, amma ba shi da alamar ciwon da ke ɓoye a ƙirji bayan tari ya lafa. In ya buɗe baki kuma, gashin baki ya rufe leɓen, ga shi da ihu yake yi, ihu kuwa lalata siffar baki yake. Ban da haka ma rabin zuciyarsa na wajenta. Matan maƙwabta suka gwada, su da kansu ba su fahimci zancen ba, sai dai su nuna gwangwanin su nuna baki, ta ce to, ta ajiye. Ga jirin bai sake ta ba, ta ce in ta motsa kai komai rawa yake yi a idonta, har bakin mutane. Na daka ƙwayar na zuba a fura. Matar da ta yi rayuwarta tana dama fura, kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye ludayin, daga ranar ba ta ƙara karɓar abu daga hannuna ba.

Duk fatana ya koma kan ƙanwata. Da ta yi arba'in ta bar jaririn wajen Goggo ta zo, ta zauna a gaban Inna cikin hasken hantsi, ta yi mata bayani dalla-dalla, tana maimaitawa. Inna ta kalli bakinta har ta gama. Ta gane, na ga ta gane.

"Ke ce kika ce in je," in ji ta. "Ke likita ce?"

Ƙanwata ta fito tana kuka. Inna ba ta ce ƙarya take yi ba, ta dai nuna cewa yarinyar faɗar abin da aka gaya mata take yi, kamar wancan karon. Mutum ɗaya ne a danginmu da maganarsa kan magani ke da nauyi a wurinta, wanda ta sha aika masa marasa lafiyar ruga tana cewa hannunsa na da albarka. Shi ne kuma wanda ba za ta kalla ba, surukinta.

Muka yi ta jan abin har rani ya wuce. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Gwaram da ruga, ina ganin wuyanta yana ƙara tsawo, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Ruwa na sauka tarin ya dawo, da jini, wannan karon ba ta ma iya ɓoyewa. Malam ya daina cin abinci sosai. Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba, gaskiyar da ba ta tsinana komai ba me zan yi da ita. Wata safiya ya ce in hau babur.

Da muka isa ya gaya wa Baba abin da yake son yi. Baba ya ɗauki sandarsa ya bi bayan shanu. Malam ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya wuce dangar da bai taɓa wucewa ba, ya shiga ɗakin surukarsa. Bai ɗaura ƙyalle ba, shi da ya fi kowa sanin haɗarin. Ya ɗage asabari don haske ya faɗo a fuskarsa, ya durƙusa a gaban gadon karan da take kwance. Inna ta ga inuwa, ta ɗago, ta ga ko wane ne. Ta yunƙura da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta juya ga bango, tana laluben mayafi.

Na hau gadon. Na ɗago ta na jingina ta da ƙirjina, ba nauyi, kamar ka ɗauki damin kara. Na sa hannu biyu na kama fuskarta. Tun da aka yaye ni ban taɓa taɓa fuskar nan ba, ban san kumatunta na da taushi haka ba. Na juyo da ita wajen Malam, na riƙe. Ya fara magana a hankali, yana buɗe baki sosai.

"Inna, ki gafarce ni. Ki dube ni sau ɗaya kawai."

Sai ta rufe ido.

Na girgiza ta. Na yi mata ihu a kunnen da na san ba komai a cikinsa. Har na kai yatsa zan buɗe fatar idon, Malam ya riƙe min hannu. Hawaye na fitowa ta ƙarƙashin gashin idonta yana bin yatsuna, amma ta matse su gam.

"Sake ni, 'yar mutane," ta ce. "Mutuncina kaɗai ya rage min. Kada ku karɓe."

Ban sake ta ba, shi ma bai tashi ba. Ban san me ya sa ya ci gaba ba, wataƙila yana jiran ko za ta buɗe, wataƙila ya kasa tsayawa ne. Ya ce allurar ce ta taɓa kunnen, kuma da an sani da ba a yi ba. Ya ce ƙwayar nan daban take, shi da kansa yana ba mutane, sun sha sun warke, ya ambaci wani mai gyaran keke a Gwaram da wata tsohuwa a Unguwar Ya. Ya ce in ta fara yau akwai sauran dama. Ya rantse mata da Allah ba zai ba ta abin da zai cutar da ita ba, ya ce jikanta na can wajen Goggo bai san ta ba tukuna. Ban taɓa jin ya yi bayani mai kyau kamar na ranar ba.

Ta rasu kafin a yanke dawa. Ina da takaici iri-iri a rayuwa, yawancinsu sun dusashe, wannan ya ƙi. Ba rashin magani ne ya kashe ta ba, gwangwanin na nan a kan jere cike. Ba rashin mai bayani ba ne kuma. Duk maganar da za ta cece ta an faɗe ta a ɗakin nan, da rana tsaka, da Hausa, tazarar kamu ɗaya daga fuskarta, Malam bai rage ko kalma ba. Ni kaɗai na ji, ni da ba na tari.